Zafi, Cunkoso da Numfashi: Kimiyyar Taimakon Gaggawa a Lokacin Aikin Hajji

Gabatarwa

Kowace shekara, daga 8 zuwa 12 ko 13 ga watan Zulhajji, jama'a masu ɗimbin yawa sukan taru a Makka da kewayenta domin sauke farali. A 2012 yawan alhazai ya haura miliyan 3, a 2024 kuwa ya kai kimanin miliyan 1.8. Dukkansu wurare ɗaya suke nufa, kuma a lokaci ɗaya: Mina, mai nisan kimanin kilomita 8 daga Masallacin Harami, sai Arfa, mai nisan kimanin kilomita 20, sai Muzdalifa da ke tsakaninsu. Da yawa daga cikinsu dattawa ne da suka shekara da shekaru suna tara guzuri, wasu kuma suna ɗauke da hawan jini ko ciwon sukari.

Wannan darasi zai duba abin da ke faruwa a cikin jikin ɗan'adam idan zafi ko cunkoso ko cuta ta same shi a irin wannan taro. Ɗalibi zai lura cewa kowane haɗari yana da ɗan lokacin da yake bai wa mai ceto. Wani mintoci ne kawai, wani rabin awa, wani kuwa yini guda. A kan wannan lokaci ne ake gina duk wani tsari na taimakon gaggawa.

Yadda jiki ke sanyaya kansa

Zafin cikin jikin mai lafiya yakan tsaya a kan digiri 37 na ma'aunin Salsiyos, ko da sanyi ake ko zafi. Mai kula da wannan daidaito shi ne wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus. Jiki kuwa ba ya daina samar da zafi, domin ƙone abinci da ƙwayoyin halitta ke yi zafi yake fitarwa. Mutumin da ke zaune yana fitar da kimanin wat 100, watau kamar tsohon ƙwan lantarki. Idan ya tashi yana tafiya da kaya, adadin yakan kai wat 300 ko fiye.

Hanyoyi biyu jiki yake bi wajen rabuwa da wannan zafi. Ta farko, jijiyoyin jini na fata sukan buɗe, jini ya ɗauko zafi daga ciki ya kawo shi waje, iska ta kwashe. Amma wannan hanya tana aiki ne idan iska ta fi fata sanyi. Da zarar zafin iska ya wuce digiri 35, sai lamarin ya juya, iska ta riƙa zuba wa jiki zafi. Daga nan hanya ɗaya ta rage, ita ce zufa. Ba zubar zufa ce ke sanyaya jiki ba, bushewarta ce, watau komawarta tururi. Duk wanda ya sha ruwan randa da azahar ya ga wannan doka tana aiki: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa, yana tafiya da zafin ruwan da ke ciki. Lita 1 ta zufa idan ta bushe a kan fata tana kwashe zafi kimanin kilojul 2,400.

Ga ɗan lissafi da zai nuna girman al'amarin. Mutum mai nauyin kilo 70 yana buƙatar kimanin kilojul 245 kafin zafin jikinsa ya ƙaru da digiri 1. Idan yana tafiya yana samar da wat 300, to kowane minti yana tara kilojul 18. In har zufa ta daina aiki, kowane minti 14 zafinsa zai hau da digiri 1, kuma cikin minti 41 zai tashi daga 37 zuwa 40. Wannan lissafi bai haɗa da zafin rana da ke dukan kansa ba, ko wanda ke tasowa daga kwalta.

Abubuwa da dama kan taru su gurgunta zufa a lokacin Hajji. A cikin cunkoso iska ba ta ratsawa, kuma kowane mutum yana kewaye da jikkuna masu zafi irin nasa. Mai tafiya a rana yakan zubar da lita 1 ta zufa ko fiye a cikin awa guda, alhali jinin jikinsa duka bai wuce kimanin lita 5 ba. Idan bai mayar da ruwan ba, jini ya ragu, zuciya kuwa sai ta ninka aiki domin ta ciyar da fata da tsoka da ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Tsoho ba ya zufa kamar yaro, ba ya kuma jin ƙishirwa da wuri. Ciwon sukari da ya daɗe yakan lalata jijiyoyin da ke sarrafa zufa, wasu magungunan hawan jini kuma suna ƙara fitsari. Har wa yau, namiji mai harami ba ya rufe kansa, kuma tsayuwar Arfa daga gushewar rana take farawa zuwa faɗuwarta. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ya saba da zafi, wannan gaskiya ne, amma a gida yakan fake a inuwa da azahar. Sabo ba ya soke lissafin da ya gabata.

Galabaita da bugun zafi

Wajibi ne a bambanta matakai biyu. Na farko shi ne galabaitar zafi: mutum yana zufa sharkaf, yana jin jiri da ciwon kai da tashin zuciya, amma hankalinsa yana tare da shi. Wannan a kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari, watau lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mataki na biyu shi ne bugun zafi. Alamarsa ita ce zafin ciki ya wuce digiri 40 kuma ƙwaƙwalwa ta taɓu: mutum ya rikice, ya yi ta sambatu, ya kasa gane abokan tafiyarsa, ko ya yi farfaɗiya, ko ya suma. A wannan zafi furotin na ƙwayoyin halitta yakan fara sauya kama, kamar yadda farin ƙwai ke yi a kan wuta. Bangon hanji yakan raunana har dafin bakteriya ya shiga jini, sa'an nan hanta da ƙoda su fara gazawa, daskarewar jini kuma ta rikice. Yawan ɓarnar ya danganta ne da tsawon lokacin da jiki ya yi a cikin wannan zafi. Saboda haka likitoci suka kafa ƙa'ida: a fara sanyaya mutum a inda ya faɗi, sa'an nan a ɗauke shi zuwa asibiti, kuma a yi ƙoƙarin sauke zafinsa ƙasa da digiri 39 cikin minti 30.

Hanya mafi sauri ita ce tsoma jiki cikin ruwan sanyi, kai yana waje. In babu halin haka, a sassauta masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita da ƙarfi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Maganin zazzaɓi irin su farasitamol ba ya amfani a nan, domin a zazzaɓi ƙwaƙwalwa ce ta ɗaga ma'aunin da kanta, a bugun zafi kuwa ma'aunin yana nan daidai, jiki ne ya kasa bin umarninsa. Kuma ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa, don kada ya shige huhu.

Hajji ya ba da gudummawa ga wannan fanni na ilimi. A 1980 Mustafa Khogali da J. S. Weiner suka bayyana wani gado da aka fi sani da na'urar sanyaya jiki ta Makka. Akan kwantar da majiyyaci a kan raga, a fesa masa ruwa ƙanana ƙanana ta sama da ƙasa, a hura masa iska mai ɗumi. Hikimar iska mai ɗumi ita ce kada fata ta yi sanyi da yawa har jijiyoyinta su tsuke su kulle zafi a ciki.

Tun da shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, Hajji yakan zagaya dukkan yanayi cikin kimanin shekara 33. A Agustan 1985 an sami kimanin mutum 2,000 da bugun zafi, fiye da 1,000 suka rasu. Da zagayen ya dawo, a Yunin 2024 ma'auni ya nuna digiri 51.8 a Makka, kuma a rana guda kawai an kula da fiye da mutum 2,700 da zafi ya galabaitar. Ministan lafiya na Saudiyya, Fahad al-Jalajil, ya sanar da rasuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da takardar izinin Hajji. Irin waɗannan ba su da hema mai sanyi a Mina, ba su da motar jigila, sai suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana. Jikinsu bai bambanta da na sauran ba. Inuwa da ruwa da abin hawa ne suka raba su.

Turereniya da numfashi

Jama'a sukan ce an tattake mutane, amma binciken gawarwaki ya nuna mafi yawan masu mutuwa a turereniya rashin numfashi ne ke kashe su, wasu ma suna tsaye. Huhu ba shi da tsokar da zai ja iska da kansa. Sai haƙarƙari ya ɗaga, tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya sauka, sa'an nan fili ya samu iska ta shiga. Idan aka matse mutum gaba da baya, duk lokacin da ya fitar da numfashi sai jama'a su cike gurbin, ƙirjin ya kasa komawa yadda yake. Matsin yakan kuma hana jini komawa zuciya. Nan da nan mutum ya suma, kuma ƙwaƙwalwar da ta rasa iskar oksijin tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6.

Masana sukan auna cunkoso da yawan mutane a kan murabba'in mita guda. Mutum 2 suna tafiya a sake. Daga 4 zuwa 5 haɗari ya fara. A 6 zuwa 7 kuwa babu mai iko da ƙafarsa, taron ya zama kamar ruwa, turi ɗaya daga baya ya ratsa shi kamar igiyar kogi. Injiniya John Fruin na Amurka ya nuna cewa ƙarfen shingen da taro ya lanƙwasa yana buƙatar ƙarfin da ya haura nutan 4,500, watau kamar nauyin kilo 450. Na baya ba su san halin da na gaba ke ciki ba, don haka suke ci gaba da tahowa.

A 2 ga Yuli 1990 mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim da ke kai wa Mina. A 12 ga Janairu 2006 fiye da 340 suka rasu a mashigar gadar jifa. Dirk Helbing, masanin kimiyyar fiziks daga Jamus, da abokan aikinsa sun nazarci hotunan bidiyo na wannan rana, suka ga cewa tun kafin mutane su fara faɗuwa tafiyar taron ta sauya, daga gudana zuwa tsaya-tafi, daga nan zuwa tangaɗi ta kowace fuska. Ma'anar wannan ita ce ana iya hango masifar tun da sauran lokaci. Bayan haka aka rushe tsohuwar gada aka gina sabuwa mai hawa 5, aka raba hanyar shiga da ta fita, aka kuma tsara wa kowace tawaga lokacin jifanta. Duk da haka, a 24 ga Satumba 2015 ayari biyu suka yi karo a mahaɗar titi na 204 da na 223 a Mina, kafin a kai ga gadar. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 suka rasu, amma kamfanin dillancin labarai na AP, da ya tara alƙaluman ƙasashe, ya sami fiye da 2,400. A cikin 'yan Nijeriya da suka rasu akwai 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah Ya jiƙan su.

Wanda ya tsinci kansa a matsi, ya yi ƙoƙari ya tsaya da ƙafafunsa, ya ɗaga hannuwansa gaban ƙirji kamar ɗan dambe don ya tanadi filin numfashi. Kada ya sunkuya ɗaukar takalmi ko jaka, kada ya yi kokawa da igiyar taro, kada ya ɓata numfashi wajen ihu. Ya nisanci bango da shinge, ya riƙa zamewa gefe a duk lokacin da matsin ya lafa. In ya faɗi, ya kwanta ta gefe ya naɗe jikinsa ya kare kansa da hannu.

Idan zuciya ta tsaya

Ciwon zuciya yana cikin manyan dalilan rasuwar alhazai, domin zafi da doguwar tafiya da rashin barci suna ɗora wa tsohuwar zuciya nauyin da ba ta saba ba. Sa'ayi kaɗai tafiya ce ta kimanin kilomita 3. Idan zuciya ta tsaya kuma ba a yi kome ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowane minti. Babu motar asibitin da za ta ratsa dubban ɗaruruwan mutane cikin wannan lokaci. Don haka wanda ke kusa shi ne mai ceton farko. In mutum bai amsa kira ba kuma ba ya numfashi daidai, a aika wani ya kira ma'aikatan lafiya, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora dunduniyar hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya sami horo yakan hura numfashi 2 bayan kowane danni 30, kuma wannan hurawa tana da muhimmanci ƙwarai ga wanda matsi ya hana numfashi, tun da iska ce ya rasa tun farko.

Sanƙarau: haɗarin da ke bin mutum gida

Bakteriyar da ke kawo sanƙarau tana zaune a maƙogwaron kimanin mutum 1 cikin 10 ba tare da ta cutar da su ba, tana kuma yaɗuwa ta tari da atishawa. Hemar da mutane da yawa ke kwana kusa da juna wuri ne da ya dace da ita. In ta ratsa cikin jini ta kai tantanin ƙwaƙwalwa, sai zazzaɓi mai tsanani da ciwon kai da sanƙarewar wuya su bayyana, kuma tana iya kisa cikin awa 24 zuwa 48. Dole a yi wa majiyyaci allurar kashe bakteriya tun a sa'o'in farko.

A 1987 nau'in A ya ɓarke a Hajji, a 2000 da 2001 kuma nau'in W ya ɓarke, alhazai suka kai shi ƙasashensu, har ya haddasa annoba a Burkina Faso a 2002. Arewacin Nijeriya da Nijar suna cikin yankin da aka fi sani da wannan cuta. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma a wannan shekara Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya shiga. Daga Hajjin 2002 aka wajabta wa kowane maniyyaci allurar rigakafi mai kare nau'i huɗu, A da C da W da Y. Akan yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, domin jiki yana buƙatar wannan lokaci kafin ya ƙera garkuwa. Wanda ya sayi katin rigakafi ba tare da allura ba, ya jefa kansa da iyalin da zai koma wa cikin haɗari.

Yadda ake tsara agaji

Daga bayanan da suka gabata za a gane dalilin da ya sa babban asibiti shi kaɗai ba ya wadatarwa. Akan shimfiɗa agaji ne hawa hawa. A ƙasa akwai ma'aikata masu yawo a cikin taro, a ƙafa ko a kan babur, ɗauke da ruwa da na'urar farfaɗo da zuciya, ƙarƙashin Hukumar Jinjirin Wata ta Saudiyya. Sama da su akwai ƙananan cibiyoyi a bakin hanyoyi, masu gadajen sanyaya jiki. Sa'an nan asibitocin Mina da Arfa, waɗanda ake buɗewa don kwanakin Hajji, sai manyan asibitocin Makka. Ƙasashe ma sukan aika tasu tawagar likitoci, kamar yadda Hukumar Alhazai ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 2006, take yi. Amfanin wannan a fili yake: dattijon da ba ya jin Larabci zai iya faɗa wa likita ciwonsa da harshensa.

Idan masu rauni suka fi ma'aikata yawa, akan tantance su da launi. Ja shi ne wanda zai mutu in ba a taimake shi nan take ba, rawaya wanda zai iya jira kaɗan, kore mai tafiya da ƙafarsa, baƙi kuma wanda ya riga ya cika. Mai yawan ihu ba shi ne na farko ba, domin ihu shaida ce cewa yana numfashi. Wanda ya yi shiru shi ake fara dubawa.

Kammalawa

Matsi yana bai wa mai ceto minti 4 zuwa 6, bugun zafi kimanin minti 30, sanƙarau kuwa yini ɗaya ko biyu. Mafi yawan abin da ake buƙata a cikin waɗannan lokuta ba ya buƙatar takardar likita: lema da gorar ruwa, bin lokacin jifa da aka tsara, ɗaukar magunguna da takardar bayanin ciwo a jiki, allura kafin tashi, da abokin tafiya da ya san cewa sambatu a rana alamar bugun zafi ce. Wannan ilimi bai tsaya ga Hajji ba. Turereniya ta kashe kusan mutum 1,000 a wata gada ta Bagadaza a 2005, da mutum 45 a Dutsen Meron na Isra'ila a 2021, da aƙalla 30 a taron Kumbh Mela na Indiya a 2025. Filin Idi da taron Maulidi da wurin rabon sadaka ma duk doka ɗaya ce ke aiki a cikinsu. Ɗalibin da ya koya wa kakansa mai shirin tafiya waɗannan abubuwa ya ba shi guzuri mai amfani.

Aikin Aji

1. A cika kwalabe biyu da ruwa, a naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye su a inuwa mai iska. A auna zafinsu bayan minti 30. Sa'an nan a maimaita, amma a saka mai tsumman cikin leda a ɗaure. Me ya sa sakamakon ya sauya, kuma wane hali na mai tafiya cikin cunkoso wannan ke nunawa?

2. Malami ya zana murabba'in mita guda da alli, ɗalibai 2 su shiga, sa'an nan 3, sa'an nan 4. Kada a wuce 4, kada a yi turi. Ɗalibai su bayyana lokacin da motsa hannu ya fara wuya.

3. Wata mata mai nauyin kilo 60 tana samar da wat 250. Idan kowane kilo yana buƙatar kilojul 3.5 kafin ya ƙaru da digiri 1, cikin minti nawa zafinta zai tashi daga 37 zuwa 40 in zufa ta daina bushewa?

4. Bayyana dalilin da ya sa farasitamol ke sauke zazzaɓin cizon sauro amma ba ya sauke bugun zafi.